Yayana Mai Auna Ƙanƙarar Teku

Yayana mutum ne da ba ya shiri da sanyi. Tun muna yara, da an kunna fanka a ɗaki zai tashi ya koma bayan ƙofa ya zauna kamar wanda aka yi wa laifi. Ruwan firji ba ya shan sa sai ya ajiye kofin a bakin taga na minti goma, wai sai ruwan ya dawo hayyacinsa. Inna takan ce a cikin 'ya'yanta shida shi kaɗai ta haifa da safa a ƙafa. To wannan bawan Allah ne abincinsa ya koma kan ƙanƙara har shekara goma sha ɗaya, kuma ba ta firji ba, ta teku, tekun da bai taɓa gani ba sai a kalanda.

Kafin nan ya yi shekara ashirin da biyu a ofishin safiyo yana zanen taswira. Yana da wani tebur mai gangara, da alƙaluma masu siririn baki, da gilashin ƙara girman abu, da wata rula ta ƙarfe wadda ba ya ba kowa aro. Za a kawo masa hotunan da jirgin sama ya ɗauko, ya sunkuya a kansu tun safe, ya fitar da hanya, ya fitar da rafi, ya fitar da iyakar gonar wane da ta wane. Hannunsa ba ya rawa. Sau da yawa layin da ya ja shi ne yake raba gardamar da ta gagari dangi. Da kwamfuta ta shigo ofishin aka tura shi kwas na wata uku, ya dawo yana buga rubutu da yatsa biyu kamar kaza tana tsintar hatsi. Aiki ya ragu, tebur mai gangara ya zama wurin ajiye kofunan shayi, shi kuma ya koma ba shi da abin yi sai faɗa da abokan aiki a kan fanka.

Ana cikin haka wata cibiyar binciken yanayi ta kama hawa na uku na ginin nasu. Suka aiko ƙasa suna neman wanda ya iya karanta hoton sama. Ogan Yaya bai tsaya shawara da kowa ba ya rubuta sunansa. Yaya ya ɗauka yabo ne. Daga baya wani ya tsegunta mini cewa ranar da ya hau sama, mutanen ofishin sun kunna fanka uku a lokaci guda.

Shugabar sashen da aka kai shi mace ce siririya mai saurin magana, ba ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Kowa Dakta yake ce mata. Ta zaunar da shi gaban wani ƙaton allon kwamfuta, ta buɗe masa hoto mai launin toka-toka kamar bangon da ruwa ya ɓata.

"Baba, wannan teku ne, can ƙarshen duniya ta arewa, inda ruwa yake daskarewa. Tauraron ɗan'adam yana wucewa ta kansa kullum, ya harba sigina ƙasa, ta daki abin da ta daka ta dawo. Ko da gajimare ko da duhu yana gani. Kwamfuta ce take jan layi tsakanin ƙanƙara da ruwa, amma tana kuskure. In iska ta yamutsa ruwa sai ta ɗauka ƙanƙara ce. In ruwa ya kwanta a kan ƙanƙara sai ta ɗauka teku ne. Aikinka ka bi bayanta kana gyarawa."

Yaya ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi tambayar da ya saba yi shekara ashirin da biyu.

"Filin wa ne?"

"Ba na kowa ba ne, Baba."

"To in ba na kowa ba ne, wa zai kawo ƙara in na ja layin a karkace?"

Dakta ta ce ba mai kawo ƙara. Ta ce abin da suke so shi ne su san ko ƙanƙarar tana raguwa shekara bayan shekara, domin ita ce take mayar da zafin rana sama kamar farin rufi, in ta tafi teku ya sha zafin, abin ya shafi damina da rani a wuraren da ba su taɓa ganin ta ba. Yaya ya ce ya ji. Da ya dawo gida ya ce wa matarsa, wadda muke kira Anti, an ba shi aikin sa iyaka tsakanin maƙwabta biyu da ba sa zama wuri ɗaya, yau wannan ya ci gonar wancan, gobe wancan ya rama.

Aikin bai ba shi wuya ba. Cikin wata biyu ya iya bambanta sabuwar ƙanƙara mai santsi da 'yar shekara ɗaya da tsohuwa mai tamoji wadda ta tsallake rani da yawa. Abin da ya ba shi wuya shi ne ɗakin. Saboda injunan da ke ciki, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, kuma rimot ɗinta yana aljihun wani ƙaton mutum mai yawan gumi da ake kira Injiniya. Yaya ya fara zuwa da suwaita. Ya ƙara da hular ulu. Ya sayi safar hannu ya yanke kan yatsun don ya iya riƙe linzamin kwamfuta. Wata rana ya zo da kwali da salatif ya toshe bakin na'urar da ke saitin kansa, Injiniya ya cire, ya sake liƙawa, Injiniya ya sake cirewa. Sun yi mako uku a haka, kuma kullum da safe suna gaisawa har da tambayar iyali. Dakta ce ta raba su. Ta sa aka mayar da teburin Yaya bayan babbar durowar injuna, inda iska mai zafi take fita. Wurin da ƙara kamar injin niƙa, ba taga, ba mai son zama. Yaya ya ce tun da ya fara aikin gwamnati ba a taɓa karrama shi irin wannan ba.

A gida kuwa Inna ce ta ɓata lamarin. An yi mata bayani sau uku, ta gyaɗa kai sau uku, sannan ta fita ta shaida wa duk layin cewa ɗanta ya samu babban aiki a kamfanin ƙanƙara. Ranar Asabar da hantsi ina gidan, sai ga mai kifin bakin titi ya yi sallama da kuloli biyu a bayan babur. Ya ce ya zo ne a matsayin maƙwabci, a riƙa ba shi bulo goma kullum tun daga tushe, ya huta da 'yan tsakiya.

Yaya ya sa aka kawo masa kujera. Ya ɗauko takarda da biro ya zana masa duniya, ya zana tauraro, ya zana kibiyoyi masu sauka da masu hawa. Ya yi masa bayanin yadda wani tauraron daban yake auna tsawon abin da ya leƙo saman ruwa, daga nan a lissafo kaurin abin da ya nutse, domin kaso mafi yawa na ƙanƙara yana ƙasa. Mai kifi ya saurara da ladabi har rabin awa.

"Yanzu dai Malam, girmanta ya kai nawa?"

"Ka haɗa ƙasashe da yawa wuri ɗaya, ba su kai ta ba."

"Kuma ka ce narkewa take yi."

"Tana yi."

"A banza, ba mai ɗiba?"

"Ba mai ɗiba."

Mai kifi ya girgiza kai cikin takaici na gaske, ya ce shi ya sa duniya ba ta ci gaba, masu abu ba su san darajarsa ba. Ya ɗaure kulolinsa ya tafi. Daga ranar sunan Yaya a layin ya zama Mai Ƙanƙara, har yaran da ba a haifa ba a lokacin da shi suka taso suna kiran sa.

Sannu a hankali aikin ya biyo shi gida. Akwai tsohuwar firiza a kicin ɗin Anti wadda ƙanƙara ta yi wa kauri a bango har murfin ba ya rufuwa sosai. Duk ranar da ta ce za ta kashe ta ta wanke, sai Yaya ya hana. Ya buɗe, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da cokali, ya ce wannan ta kusurwar hagu ta haura shekara biyu, irin ta ba a samu da sauƙi. Anti ta yi haƙuri har ranar da ta rasa inda za ta sa nama. Ta jira ya tafi aiki, ta zare wayar, ta kwashe ruwa bokiti biyu, ta goge firizar tas. Da yamma ya dawo ya buɗe ya tsaya.

"Ina ƙanƙarar nan?"

Anti ba ta ɗago daga yankan albasa ba. "Ɗumamar yanayi ce, Malam. Ai kai ka fi ni sani."

A shekararsa ta uku ya yi kuskuren da ya daɗe yana cin sa. Ya ga wani siririn baƙin layi ya ratsa farar ƙanƙara, miƙaƙƙe sambal, tsawon tafiyar yini a mota. Ya ɗora rularsa ta ƙarfe a kan allon, layin ya bi ta ba ko lanƙwasa. Nan take ya yanke hukuncin cewa tauraron ya lalace. Ya zauna da yatsunsa biyu ya rubuta rahoto mai shafi huɗu, ya rufe da cewa a iya saninsa teku ba ya zane da rula. Maimakon ya aika wa Dakta ita kaɗai, sai ya danna inda saƙon ya tafi ga kowa, har da abokan aikinsu na ƙasashen waje, mutum sittin da wani abu. Kafin azahar amsa ta zo daga wani farfesa, layi biyu, cikin ladabi. Ya ce a duba ƙarshen layin, za a ga ɗan farin ɗigo. Jirgin ruwa ne mai fasa ƙanƙara, layin kuma hanyar da ya buɗe ce.

Yaya ya yi kwana uku ba ya magana a ofis. Injiniya, wanda ba wanda ya zaci haka daga gare shi, ya rage sanyin ɗakin da maki biyu ba tare da an roƙe shi ba. Yaya ya lura, kuma hakan ya fi amsar farfesan ƙona masa rai.

A watan Satumba ne ƙanƙarar take kaiwa ƙarshen raguwarta kafin ta sake kamawa, don haka lokacin ne ofishin yake rikicewa. Satumbar shekarar da ta biyo baya kwamfuta ta nuna cewa wani makeken yanki ya rasa ƙanƙararsa cikin kwana biyu. Dakta ta hana kanta abincin rana tana haɗa rahoton da za a aika ranar Litinin. Ran Asabar na je gidan na tarar da Yaya a tsakar gida, shayinsa ya huce bai sha ba.

"Yaya, lafiya?"

"Na sake ganin miƙaƙƙen layi."

"Wani jirgin ne?"

"Ba jirgi ba ne. Gefen wurin da aka ce ya narke ne, ya miƙe kamar an yanka da almakashi. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. In na sake buɗe baki aka ce ga ɗigo, ina zan sa fuskata?"

Anti tana shanya tana jin mu. Ta ce, "Fuskar da kake rufewa da hular ulu? Wa yake ganin ta? Ka je ka faɗa wa yarinyar nan ita kaɗai, kar ka tara mata duniya."

Ran Litinin da sassafe ya shiga ofishin Dakta da rularsa a hannu, bai rubuta komai ba. Ya ɗora ta a kan allonta ya ce ta duba. Ta duba, ta kira hotunan asali, sai ga shi layin ya faɗa daidai inda aka ɗinke hotuna biyu da tauraron ya ɗauka a zagaye daban-daban. Ɗaya daga ciki ya zo da duhu fiye da ƙa'ida, kwamfuta ta karanta duhun a matsayin ruwa. Aka dakatar da rahoton, aka sake lissafi. Dakta ta rubuta wa mutum sittin ɗin nan da kanta, ta faɗi wanda ya gano.

Na zaci zan same shi yana murna. Ba haka na same shi ba. Ya ce mini da aka gyara kuskuren, raguwar ba ta ɓace ba, ta dai ragu. Shi ya so a ce duka ƙarya ce. Akwai wani tsohon dunƙulen ƙanƙara da ya yi shekara huɗu yana bi a hoto, wanda a ransa yake kira Inna saboda duk iskar da ta zo ba ta matsar da shi daga inda ya zauna. A wannan Satumbar ya tsage gida biyar, guntayen suka bi ruwa. Ya roƙe ni kar in gaya wa Inna ya sa wa ƙanƙara sunanta, kuma ban gaya mata ba sai bayan shekara biyu.

Sakamakon wannan aikin kirki shi ne aka hukunta shi da gayyata. Farfesan nan ya rubuto cewa jirgin ruwansu zai yi mako uku a cikin ƙanƙara don a auna ta da hannu a gwada da abin da tauraro yake faɗa, kuma suna son mai rular nan ya zo. Yaya ya ce fasfonsa ya ƙare. Dakta ta ce ta duba, saura shekara biyu. Ya ce gwiwarsa tana ciwo. Ta ce akwai likita a jirgin. Ya ce Inna ba za ta yarda ba. Aka je wa Inna da maganar, ta ce ya tafi mana, in zai dawo ya ɗebo mata kaɗan a leda ta ga ko ta fi ta nan.

Anti ta ɗauki shirin kamar yaƙi. Ta zagaye 'yan gwanjo ta haɗo suwaita biyar, dogayen wanduna na ciki, safa dozin guda, da wani bargo mai zanen damisa wanda shi kaɗai ya cika akwati. Ma'aunin filin jirgi ya ce kaya sun yi yawa, sai Yaya ya shiga banɗaki ya sa rabinsu a jiki. Ya fito hannuwansa ba sa sauka, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, a karo na farko a rayuwata na ga ya je ya tsaya a gaban fanka da ƙafarsa. Ya hango ni ina kallo, ya ce in na faɗa wa Injiniya bai yafe ba.

Labarin tafiyar daga bakinsa muka ji, kuma yana canzawa gwargwadon masu sauraro, amma akwai abubuwan da ba sa canzawa. Kwana biyar na farko bai ga komai ba sai bokiti, domin teku ya juya masa hanji. Mai dafa abincin jirgin, wani tsoho mai gemu da ba sa jin yaren juna, shi ya riƙa kawo masa busasshen biredi da shayi yana dafa masa kafaɗa. Kayan gwanjon Anti kuwa, jami'in jirgin ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin akwati, ya ba shi wata jar riga mai haɗe da wando wadda ake shiga kamar buhu. Bargon damisa kaɗai ya tsira, har farfesan ya nemi aron sa. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Tana zagaya sama kamar mai neman wurin ajiye mota, Yaya yana bin ta da ido yana jiran magariba, har ya haƙura ya koma bin agogo.

Ranar da aka sauke tsani aka ce su taka ƙanƙarar, ya tsaya a matakala ta ƙarshe ya tambayi kaurinta. Aka ce taswirar da aka zo da ita ta ce mita ɗaya da rabi. Ya tambayi wanda ya yi taswirar. Farfesan ya duba ƙasan takardar ya ce ofishinku ne, ga alamar wanda ya duba nan. Yaya ya ce ya san mutumin, yana kuskure wani lokaci, a fara huda rami tukuna. Aka huda, aka zura awo, aka samu mita ɗaya da santimita arba'in. Sannan ya sauko.

Daga nan tsohon ɗan safiyo ya farka. Masu digirin nan sun iya lissafi amma ba su iya jan tef ba, suna barin sa yana lanƙwasa, suna karanta shi a karkace. Yaya ya karɓe tef ɗin. Ya jera musu turaku a miƙe, tazara daidai, ya sa aka riƙa auna dusar da ke kwance a sama daban, domin nauyinta yana danna ƙanƙarar ƙasa ya rikita lissafin tauraro. Abu ɗaya ne ya ƙi yarda da shi, wato yin nisa da mutumin da ke tsaye da bindiga yana gadin su daga farar beyar, ƙatuwar dabbar ƙanƙara mai farauta har da mutum. Duk inda mai bindiga ya matsa, layin awo yakan ɗan matsa can. A mako ukun ba su ga beyar ko ɗaya ba sai sawunta, kuma Yaya ya auna sawun, ya ce faɗinsa ya fi farantin da Anti take zuba masa abinci.

An gaya musu sa'ar da tauraron zai wuce ta kansu, don dole awon ƙasa ya zo lokaci ɗaya da na sama. Da sa'ar ta yi, Yaya ya ajiye tef ya ɗaga hannu biyu sama yana kaɗawa. Ba abin da ake gani sai farin gajimare. Ya ce shekara biyar yana cin abinci a hannun abin nan, bai kamata ya wuce ba gaisuwa ba.

Ya dawo ya rame, hancinsa ya saɓule. Ya kawo hoto guda, mutum bakwai cikin jajayen buhuna, ba a ganin komai sai tabarau. Ya nuna na uku daga hagu ya ce shi ne. Inna ta kai hoton kusa da ido ta ce ita ba ta haifi wannan ba, kuma ina ledarta. Ya ce an hana fitowa da ita. Ta ce dama ta san tun yana yaro ba a aiken sa ya dawo da abin da aka ce.

Ni na tambaye shi yadda ya gan ta, da yake gani ya kori ji. Ya ce hoto bai taɓa gaya masa tana da murya ba. Tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, wani lokaci ta yi ƙara kamar an karya katako a ƙarƙashin ƙafarka. Kuma ba fara ba ce yadda ya zata, akwai shuɗiya, akwai mai ruwan ƙasa, akwai wadda in ka ɗaga gutsurenta za ka ga wasu 'yan halittu manne a ƙasa suna harkarsu. Ya ce da ya koma ofis ya nemo hoton ranar da ya ɗaga hannu, ya ƙara girmansa har ƙarshe. Jirgin gaba ɗaya ɗigo uku ne. Shi da mai bindiga da farfesa ba su kai a gan su ba.

Ya ƙara shekara shida a bayan durowar injuna. Duk layin da ya gyara ana ba kwamfuta ta koya, har ta kai in ta ja layi ɗari, ba ya taɓa fiye da uku. Bai ji haushi ba. Ya ce ya taɓa koyar da mutane da yawa a ofishin safiyo, wannan ce ta farko da ba ta taɓa cewa ai ta sani ba. Da ya yi ritaya Dakta ta roƙe shi ya riƙa zuwa duk Talata ya duba hotunan da suka gagare ta, irin na lokacin narkewa, inda ruwa da ƙanƙara suke cakuɗewa. Har yanzu yana zuwa.

Watan jiya na raka shi wurin likitan ido don ya karɓi sabon tabarau. Ya sa, ya karanta haruffan bango har layin ƙasa, likita ya ce madalla. Yaya ya zaro wata takarda daga aljihu, hoton teku ne da ya buga, ya duba ta ya cire tabarau ɗin ya ajiye a tebur.

"Likita, wannan bai yi ba. A nan wurin akwai launin toka iri bakwai. Da tsohon ina ganin bakwai, da naka biyar nake gani."

Likita ya ce shekararsa goma sha tara yana wannan aiki, ba a taɓa kawo masa ƙarar launin toka ba. Ya karɓi takardar don ya sallame mu, ya ce shi uku yake gani. Yaya ya jawo kujerarsa kusa. Ya nuna masa da bakin biro inda sabuwar ƙanƙara ta ƙare 'yar shekara ɗaya ta fara, ya ce kar ya kalli launin, ya kalli yadda fatar take. Likita ya karkata kai, ya kunna fitilar tebur, ya ce kamar ya ga na huɗu. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo sau biyu tana cewa mutum tara suna jira a waje. A leƙowa ta uku ni ta kalla, ba su ba.

Na ɗauki tabarau ɗin na sa a jaka, na kama hannun rigar Yaya. Muna bakin ƙofa likita ya ce a bar masa takardar, kuma mu dawo ran Alhamis zai gwada wani gilashin. Yaya ya ce Alhamis ta yi, amma da rana, kuma don Allah a kashe na'urar sanyin kafin ya iso.